Inna ba ta gane muryata ba

Daren Laraba, Ƙaura Namoda

Yau na hau babur na je Sakajiki don Inna ta ji sabuwar waƙata kafin kowa. Amshin ma nata ne, wanda take yi in tana daka tun muna yara: "ruwa ya zaka." Ni dai gurmi na ɗora masa da baitoci uku.

Ranar ɗauka a Gusau, mai situdiyo ya ce "zaka" ba za ta shiga kunnen mutanen Kano ba, in mayar da ita "ruwa ya zo." Ya bi sauran baitocin ma duk ya goge mini harshe. Ban yi gardama ba. Shekara shida ke nan ina waƙa ni kaɗai, ba kamfani, ba ubangida, kuma na ƙosa a ji ni gaba da Zurmi.

Na tarar da ita tana sussukar gero. Na kunna mata waƙar a wayata ban ce tawa ce ba, don in ga fuskarta. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "Wanga ya iya waƙa, ba laihi. Ɗan wane gari na?"

Na ce, "Bakano ne, Inna."

Ta ce Allah shi taimake shi, ta koma kan turminta.

Asabar zan koma Gusau. "Zaka" za ta koma inda na ɗauko ta, Kano ta ji ko kada ta ji.