Jakin da na ɓoye a tablet ya yi kuka gaban kapiten

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, ka rufe sunana ruf. Don Allah ku ba ni shawara, masu zagi kuma ku bi layi, matata ce a gaba.

Ni Bagobiri ne, na daɗe ina rubuta lojisiyel, wato manhajar na'ura, a Yamai, har furfurata ta iya aikin. Ina tare da wata ƙungiya a unguwar Yantala mai rabon gero a garuruwan da damina ta yi wa rowa bana, ni na rubuta abin da ake rajistar magidanta da shi a tablet. Ga wanda bai sani ba, lojisiyel riga biyu gare shi. Akwai dibog, rigar zaman gida, da ita muke gwaji, duk tarkacenmu na ciki. Akwai rilis, wankakkiyar rigar fita, ita ake miƙa wa jama'a. Latsawa ɗaya ce tsakaninsu.

To a biro, wato ofishinmu, akwai Hamani, Bazabarme, shugaban rabo, abokin wasana, bawana tun kakanni. Kullum sai ya ce Bagobiri in ya ga tuwo ba ya gane uwarsa, ni kuwa na rama a cikin dibog, duk sanda aka shigar da suna ɗaya sau biyu sai jaki ya fito a allo yana kuka, a ƙasa an rubuta Hamani ɓarawon gero an kama ka. Shi da kansa ya gani, ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci.

Ranar tafiya rabo kamiyo, babbar motar kaya, na ƙofa, na juya zuwa rilis, abu ya mace. Na koma dibog, yana gudu kamar barewa. Na sake, ya sake macewa. Diraktanmu na tsaye a kaina yana huci kamar tsohon inji, sai na zuba dibog a tablet ɗin duka, da sanina, wai ai ba za a maimaita suna ba. A ƙasar da rabin maza Hasan Amadu ne!

A garin farko, gaban mai gari da kapiten ɗin soja da ke sa ido kan rabon, aka maimaita suna, jaki ya yi kuka, an ce har na gari sun amsa masa. Kapiten ya karanta, ya sa kwaɗo a magazin, ɗakin ajiyar geron, ya ce ƙwaya ba za ta fita ba sai an yi bincike. Mata suka koma gida da ƙwarya wayam, aka dakatar da Hamani. Ni kuwa da dirakta ya tambaye ni, sai na ce birus ne, cutar na'ura. Daga baya na gano matsalar rilis ɗin, layi ɗaya tal na manta, minti biyar na gyara.

Hamani ya zo gidana, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa, ya wanke ni tas gaban iyalina, wai ni matsoraci ne mai ƙaton ciki, wai a lakwal ƴan makaranta na kiran ƴaƴansa ƴaƴan ɓarawon gero. Na ce masa shekara nawa yana yanka ni ban kai ƙara ba, kuma da bai yi dariya ran nan ba da na goge jakin. Ya ce bai faɗa wa kowa ba, ba zai faɗa ba, abokin wasa ba ya tona abokin wasa, amma ran Litinin masu bincike za su zauna, zai zuba ido ya ga ko Bagobiri na da baki ban da na cin tuwo. Wannan shirun nasa ya fi zagin ƙona ni, mugu kawai, ya bar ni da kaina.

In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, kuma kapiten ɗin nan ko a ranar sunansa bai yi dariya ba. In na yi shiru sunan Hamani ya tafi, gero kuma na kulle. Jama'a, in je Litinin in ce jakin nawa ne, ko akwai wata ƙofa? Kada wanda ya ce in nace a kan birus, yanzu ma da sunan Birus ɗin matata ke kirana cin abinci.