Gwangwanin Malama Hephzibah

Gubuchi, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan lafiya lau, masara ta fara bunƙasa.

Saƙonka ya iso, cewa in cire 'yarka Rashida daga makaranta saboda an ce malamarsu ta kimiyya tana koya musu duba. Ban cire ta ba tukuna. Ka yi haƙuri, ina tsoron yanke wa baiwar Allah hukunci a kan abin da ban gani ba.

Iyakar abin da na sani, Malama Hephzibah tana kawo gwangwanaye a liƙe, ta raba yara rukuni-rukuni, su yi gasar faɗin abin da ke ciki. Kuma ba ta buɗewa. Wannan ne ya tayar wa iyaye hankali. Zan je da kaina.

Ƙanwarka,
Ummuhani

Gubuchi, ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ciwon ƙafar da na ji kana fama da shi ya yi sauƙi.

Na je. Malamar ta gaishe ni da ladabi, ta sa ni a rukunin su Rashida, ta miƙo mini gwangwani. Na girgiza na ce gero ne. A gaban kowa 'yarka ta ce, “Gwaggo, mece ce hujjarki?” Na ce kunnena. Sai suka zuba gero a wani gwangwani, suka girgiza biyun. Ƙarar ba ɗaya ba ce. Na janye maganata, malamar kuwa ta ba rukuninmu maki saboda janyewar.

Na tambaye ta dalilin ƙin buɗewa. Ta ce ba wanda ya taɓa buɗe rana ya leƙa, duk abin da aka sani game da ita da gwaji aka san shi, kuma ana gyarawa.

Yaya, ban taɓa jin mai duba ya yarda a gwada maganarsa ba, balle ya janye ta. Yaran nan kuwa ba sa wuce “muna zato”.

Hukunci naka ne, kai ne uba. Amma yau da safe na tura Rashida makaranta. In kuskure ne, a wuyana yake.

Gwangwanin har yanzu a liƙe. Mayen ƙarfe bai ja abin da ke ciki ba, kuma ya fi gero sauƙin ƙara. Ina zaton riɗi ne. Allah ne mafi sani.

A gaishe da mutan gida.

Ƙanwarka,
Ummuhani