Alif a Ruwan Kifayen Yaya

Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Hauwa da yara? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai labarin babu daɗi.

Ƙananan kifayen nan naka masu launin ja a ciki, da ka bari a akwatin gilashi a falo, sun yi ƙwai a ɗan kaskon da ka kife musu, har sun ƙyanƙyashe. Uwar takan fito da 'ya'yan kiwo, uban yana korar sauran kifayen. Innar da ke cewa aikin banza ne, ita ta koma jan kujera gaban gilashin tana kallo.

Satin da ya wuce aka ɗauke wuta, injin tace ruwan ya tsaya, ruwan ya gurɓace. Ina makaranta Inna ta ji tausayinsu, ta daka alif ta zuba, yadda take yi wa randa. Ruwa kuwa ya yi garau. Kafin na dawo 'ya'yan duk sun mutu, da magariba uban ya bi su. Na canja ruwan, uwar ta tsira, amma har yau tana gadin kaskon da babu komai a ciki.

Inna ta daina zama a falo, abinci ma sai na matsa mata. Jiya ta ce min, "Rabi, amana ya bar mana, na kashe da hannuna."

Ka gaida su Anti, a sa mu a addu'a. Don Allah ka kira Inna, amma kada ka fara da tambayar kifi.

Ƙanwarka,
Rabi