Masarar da Nake Saukewa a Legas

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna da Huseina da duk mutanen Gubuchi. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau nake. Na samu aikin dako a wani sito a nan Legas. Bayana ne kawai ke ɗan riƙewa da safe, amma da jiki ya ɗumama sai ya saki. Kada a gaya wa Inna.

Yaya Haliru ya ce masara ta faɗi a kasuwar Makarfi, ko takin da ta ci ba ta mayar ba, har kana maganar barin gonar Kaka bana. Baba, buhunan da nake saukewa masara ce ta ƙasar waje, wadda gwamnati ta bari a shigo da ita. Mai tuwon da nake ci wurinta ta ce min, "Yanzu 'ya'yana suna ƙoshi." Na taya ta murna har zuciya, amma ranar na kasa gama tuwon.

Don Allah ka yi shuka. Takin bana ni zan saya, ko buhu ɗaya ne. Ka sa min albarka.

Ɗanka,
Zulkifilu