Dariyar da Ta Kori 'Yan Kallo

Zuwa ga Radiyya, dabinon Dutse mai zaƙi tun yana nunar fari, inuwar da zuciyata ke hutawa. Sallama da gaisuwa irin ta mai ɗoki.

An ce mini kin daina dariya, wai yaran unguwar Limawa suna kiranki Aljanar Ƙofa. Haba sanyin idona! Ruwan sama yakan fasa zuba don kwaɗi sun yi surutu?

Kin tuna ranar da nake ɗaukar fim ɗin ban tsoro da ɗalibaina a tsohon zauren gidanku? Kyamarar biki muka aro, ƙafarta a karye, muka ɗaure ta a kan turmi. Ba ta juyawa dama, ba ta juyawa hagu, ƙofa ɗaya take kallo har labarin ya ƙare. Zoɓo ne jininmu, zanin gado ne fatalwarmu. Na sha gaya wa yaran cewa abin da ido bai gani ba ya fi kama zuciya.

Sai akuyarku ta cafke zanin fatalwa tana tauna, a gefen da hoto bai kai ba. Kika fito da tulu, kika tuntsire da dariya a bayana. Ba mu da injin yanka hoto, dariyar ta zauna daram: ƙofa wayam, murya ba fuska. A gidan kallo na Jahun, ƙarti har takalma suka bari.

Su sun ji aljana. Ni na ji ruwan farko yana sauka a kan gero, na ji tattabaru sun tashi daga kan duwatsu. Wace irin murya ce wannan, mai korar gari ta kamo mutum ɗaya? Ashe darasin da na koyar ni ya fara ci.

Ga uwar kaset ɗin na haɗo da wasiƙar nan. Kwafi biyun da ke yawo na karɓo su, suna ciki. Ki ƙona su in kin so, gumin yara da nawa bai kai murmushinki ba. Zan lallashe su mu sake wani. Roƙona biyu: ki maido da dariyarki, ki kuma yarda baffana Idirisu ya zo gaida Malam mahaifinki da maganata.

Zuciyata ma a ɗaure take kan turmi, Radiyya. Ba dama, ba hagu. Ƙofarki take kallo, tana jiran ki fito.

Naki har numfashi ya ƙare,
Musaddiq