Dawar Fasto Ɗanladi

Zuru, daren Laraba

Yau na buga takardar sanarwar da nake aika wa fastocin gundumarmu: ranar taro, labarin majami'u, sai jerin waɗanda aka canja wa wurin aiki. Layi na huɗu ya hana ni sakat. Za a ɗauke Fasto Ɗanladi daga Bena zuwa Sakaba ƙarshen watan nan, alhali dawarsa ko kai ba ta fitar ba, kuma ita ce cimar iyalinsa.

Na ce wa shugabanmu, "Baba, wa zai ci guminsa?"

Sai ya ce, "Rubuta: bayan girbi."

Kalma biyu kacal! Shekara tara ina buga takardar nan, ban taɓa tambaya ba sai yau. Allah kaɗai ya san gonaki nawa hannun nan nawa ya raba da masu su.