Hannun da Na Sa Ba Tabarau

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya maigidanki da jikokina? Ƙafata da sauƙi, amma kada ki sake aiko min da man shafawan nan mai warin kananzir.

Auta, uwarki ta yi abin kunya da tsufanta. Kin san yadda muke yi bayan sujada: takarda ta biyo benci-benci, ko ta masu zuwa gaida marasa lafiya, ko ta masu sharar coci, kowa ya sa hannu ya miƙa gaba. Waccan Lahadin na manta tabarau a gida. Takarda ta zo a ninke, na sa hannu ina hira, na miƙa.

Ashe ƙorafi ne zuwa majalisar gari. Maƙabartar maƙwabtanmu Musulmi ta cika, sun nemi filin da ke bayan tsohon tankin ruwa. Wani dattijon cocinmu mai gidajen haya a wajen shi ya rubuta cewa ba mu yarda ba. Majalisa kuwa ta liƙa takardar a allon sanarwa, sunana na uku.

Mai Ɗinki ta gani da idonta. Matar da katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da shida, wadda na karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar. Mijinta yana kwance, likita ya riga ya gaya musu gaskiya. In ba a ba da filin nan ba, sai a kai shi wani gari, tafiyar awa biyu a mota. Jiya na gaishe ta ta kan katanga, ta amsa ciki-ciki ta shige ɗaki. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ran Alhamis majalisa za ta saurari jama'a. Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Mama

Zuwa ga 'yata Auta,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da ku. Ina fata tarin ƙaramin ya tafi. Wasiƙarki ta iso, na ga faɗan da kika yi min, na kuma karɓa.

Na fara zuwa wurin dattijon nan. Ya ce hannun da aka sa an sa, wai kada in kunyata ikilisiya a gaban mutane. Na ce masa shi ya fara, ranar da ya ninke takarda. Fasto kuwa bai ma san da zancen ba, ransa ya ɓaci sosai, ya ce in je majalisar, zai zauna a bayana.

Ɗakin majalisar cike yake, kujerun roba, fanka ɗaya tana wahala. Kowa minti uku. Da aka kira ni na miƙe. Na ce na sa hannu ban karanta ba, laifina ne, ba na tabarau ba, a cire sunana. Na ce garin nan namu ne duka, duk wanda ya rayu a cikinsa yana da haƙƙin kwanciya a ƙasarsa. Ubangiji ya ce mu ƙaunaci maƙwabci, ban ga inda ya ce sai mai rai ba.

Magatakarda ya tambaya ko akwai wani mai janyewa. Sai shugabar zumuntar mata ta tashi, ta ce ita ta ɗauka takardar shara ce. Aka yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya mu goma sha tara muka janye. Wasu sun ce sun karanta kuma suna nan a kan bakansu. Haƙƙinsu ne, ko da yake na harare su.

Ran Litinin majalisa ta ba da filin. Auta, da na ji, zama na yi a bakin gado na yi kuka, kamar an sauke min tulu daga ka.

Bayan kwana tara mijin Mai Ɗinki ya rasu. A kafaɗa aka ɗauke shi, da ƙafa, tana tsaye a bakin ƙofarta tana ganinsu har suka sha kwanar tankin. Ni ina gida, na yafa mayafi na cire ya fi sau uku, na kasa shiga. Sai ga babbar 'yarta, wai Inna ta ce me nake jira.

Na tarar da ɗakin cike da mata. Mai Ɗinki ta ɗago ta gan ni, ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarmarta, ta riƙe hannuna. Har na tashi da yamma ba ta sake shi ba.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki kira Mai Ɗinki ki yi mata gaisuwa.

Taki har kullum,
Mama